Sarƙar da Ke Tsayawa a Kwana

Kan Tudu, Harlan,
Nuwamba, 1974.

Zuwa ga ɗana Wendell,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka Loretta da 'yarku, ƙawata Junie. Ya aikin ƙera jiragen ruwa? Ni lafiya lau, in ban da gwiwar hagun nan da ta fi rediyo sanin ranar da dusar ƙanƙara za ta sauko. Bargon da kuka aiko ya iso, Allah ya saka da alheri, sai dai kyanwa ta riga ni hawa kansa.

Na ga ka sake tayar da zancen in sauko bakin teku in zauna da ku. Na san zumuncinmu sai an zauna an warware shi, kakanka da babana ne 'yan'uwa, amma tun da ka yi shekarun makarantarka a gidan nan ba ni da ɗa sai kai. Saboda haka zan gaya maka dalilina na gaskiya, in ka ga dama ka ce tsohuwa ta fara ruɗewa.

Dusar farko ta sauko ranar Talata. Da la'asar ina fere dankali sai na ji motar maigidana Orval tana hawowa. Kada ka ce min kowace mota ce. Mutumin da ya yi rayuwarsa a gindin hawa yana ɗaura wa matafiya sarƙa a taya don kada su zame a dusa, ka san yadda tasa take kuka: kacar-kacar a jere, bai ɗaya, kamar keken ɗinki. Duk dutsen nan babu mai irin ɗaurinsa. Ta hawo, ta wuce gadar katako, ta zo kwanar ƙasan gida, ta tsaya.

Ka tuna a nan yake tsayawa kullum. Ya fita ya durƙusa ya taɓa sarƙoƙinsa, ya ƙara matse su kafin hawan ƙarshe. Ni kuwa da na ji shirun sai in ɗora butar gahawa, kafin ta tafasa ya buga takalmansa a bakin ƙofa. Haka na yi bara ranar da ya rasu. Buta ta tafasa, ta ƙone, ina ta mita wai ya tsaya surutu da maƙwabcinmu Purdy, ashe yana can durƙushe gefen tayar baya, hannunsa a kan ƙugiya, zuciya ta tsaya.

To ranar Talata ma na ɗora buta. Ba wanda ya ƙaraso. Na sa riga na gangara, babu mota, babu sawun taya, dusa a shimfiɗe kamar ba a taɓa takawa ba. Ranar Juma'a da ta sake sauka, haka aka yi.

Ba tsoro nake ji ba, Wendell, kewa ce take cina. In wata rana ya gama matse sarƙarsa ya ƙaraso, wa zai tarar in na tafi? Ka gaishe da kowa.

Goggonka,
Verna.

San Pedro,
Disamba, 1974.

Zuwa ga Goggo Verna,

Gaisuwa da ladabi da biyayya. Muna lafiya, Junie ta yi mura amma ta warke, haƙorinta na gaba ya fita, tana ta buɗe wa mutane baki su gani. Ya gwiwa? Kina shafa man da likita ya ba ki, ko yana nan kan taga yana shan rana kamar na bara?

Goggo, wasiƙarki ta hana ni sukuni. Ban gama haɗiye ta ba sai ga ta maƙwabcinki Purdy. Kada ki ji haushinsa, da ya yi shiru ni da shi ne. Ya ce yana dawowa da motar share hanya ya tsince ki zaune a dusa a kwanar nan, kin zame kin kasa tashi, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ya ce da ya biya shan giya kamar yadda ya saba, da labari ya sha bamban. Wannan ba ki rubuta min ba.

Ni ma ina kewar Baba Orval. Shi ya koya min tuƙi, shi ya fara sa min sarƙa a hannu, yana tsaye a kaina yana tsaki har na iya. Amma ki tuna yadda kwarin nan yake da amsa-kuwwa. Mota za ta wuce can kan babban titi, ƙararta ta daki dutse ta dawo kamar a ƙofar gida. Shi da kansa ya nuna min haka. Kunne kuma abin da yake jira shi yake ji.

Ba zan ce ki sauko a tsakiyar sanyi ba, na san halinki. Abu ɗaya nake roƙo, kuma ba zan daina ba sai kin rubuto da hannunki. Ki yi min alkawari, duk abin da kika ji a kwanar nan, ko me ya yi kama da shi, ba za ki fita ba. Ki zauna kusa da murhu har ya wuce. Na san ba ki taɓa saɓa magana ba, shi ya sa nake so ki furta.

In dusa ta narke zan zo mu yi maganar ɗakin da Loretta ta gyara miki. Tagarsa tana kallon teku.

Ɗanki,
Wendell.

Kan Tudu, Harlan,
Disamba, 1974.

Wendell,

Ina gaishe ku. Ka gaya wa Junie ni ma nawa haƙoran sun fita, amma nawa ba su da niyyar dawowa. Man gwiwa yana kan taga.

Purdy kuwa, Allah ya shirye shi. Mutumin da bai taɓa rubuta wa uwarsa wasiƙa ba, a kaina ya koyi riƙe alƙalami. Na gaya masa a fuskarsa, ya ce, “Verna, ki zage ni son ranki, na fi son zagi a kan haƙa kabari a ƙasa mai ƙanƙara.” Ka ji bakin mutum.

Ka nemi alkawari, ga shi. Ba zan ƙara fita kwanar nan ba, ko me na ji. Ka sani dai abu mai nauyi ka ɗora min. Jiya motar ta zo ta tsaya, na riƙe hannun kujera har yatsuna suka yi fari. Batun amsa-kuwwa kuma, an rufe babban titin tun safe, ko keke bai wuce ba. Ban faɗa don mu yi gardama ba.

Wani direban motar katako zai sauke maka buhu a wurin aikinku. Sarƙoƙin Orval ne, na wanke su na shafa musu mai. Purdy ya ce tayarka girmanta ɗaya da ta Orval. Na san zaman bakin teku ya sa ka manta komai, to ka saurara. Ka shimfiɗa ta a ƙasa ka warware duk inda ta murɗe. Bakin ƙugiyoyin ya kalli waje, kada ya ci roba. Ka yafa ta a kan tayar baya, ka kwanta ka fara maƙala ta ciki, sannan ta waje, sannan robar da ke janta. Jelar da ta rage ka ɗaure ta da waya, akwai waya a buhun. Babban abin kuma, wanda 'yan birni ba sa ji: ka ɗan tafi kaɗan, ka tsaya, ka sake matsewa. Sarƙa sai ta yi tafiya take zama a mazauninta. Orval yana cewa ɗaurin farko gaisuwa ne, na biyu shi ne aiki.

Kajin ma na ba matar Purdy, duka har da zakaran. Na gyara ɗakin ajiya, na raba abin rabawa. Ba zan ƙara zama wa kowa kaya ba, kai ma ka huta da tunanina.

Allah ya yi muku albarka.

Verna.

San Pedro,
Ana jibi Kirsimeti.

Goggo,

Ina gaishe ki, muna lafiya. A tsaye nake rubutu.

Buhu ya iso, wasiƙa ta iso. Na karanta, Loretta ta karanta, muka kalli juna. Kin ba da kaji, kin raba kaya, kin rabu da sarƙoƙin da ko taɓa su ba ki bari a yi, kuma kin ce in huta da tunaninki. Goggo, wannan sallama ce. Me kike shirin yi? Wallahi tsoro nake ji, ban taɓa jin irinsa ba.

Na nemi gidan Purdy a waya, an ce dusa ta kayar da layin. Ba zan jira bazara ba. Na karɓi hutu, ranar Asabar zan taso da asuba, in Allah ya yarda la'asar ta yi min a ƙofarki. Kada ki yi komai, kada ki je ko'ina. In kin ji mota ranar Asabar, ni ne.

Wendell.

Kan Tudu, Harlan,
Janairu, 1975.

Zuwa ga ɗana Wendell,

Ina gaishe ka da jiki. Ya ƙafa, ya hannu? Purdy ya ce an sallame ka daga asibitin kwari Loretta ta tafi da kai gida. Ka ce mata na ga idonta ranar nan a asibiti, ban ga laifinta ba in tana fushi da ni.

Wasiƙarka ta iso jiya. Jiya, Wendell. Ɗan aikan gidan waya ya miƙo min ita tare da katin Kirsimeti na coci, yana ba da haƙuri wai motarsu ta kasa hawowa. Na zauna na karanta “in kin ji mota ranar Asabar, ni ne,” na sake karantawa, na ajiye takardar.

Kai kuma da karatun abin da ba a rubuta ba. Kajin na bayar ne don hanyar akurki ta zama gilashi, ba na so in sake faɗuwa Purdy ya sami abin rubutawa. Sarƙoƙin kuwa, na yi tunanin in sun bar gidan ƙila ƙarar ta bi su, in samu in cika maka alkawari ba tare da zuciyata ta fashe ba. Shi ke nan. Mutuwa ba ta cikin lissafina, ina da tuffa cike da rumbu.

Ba ka cikin hayyacinka sosai ranar, bari in gaya maka yadda aka yi. Dusa tana zuba kamar da gayya, ko itacen bakin ƙofa ba na gani. La'asar ta yi, na ji sarƙa daga wajen gada. Na ce, to, ga shi nan, na zauna na riƙe kujerata. Ta zo kwana, na ji wani gum, sai shiru. Na ce dusa ce ta zubo daga reshe. Na tashi na ɗora buta, don wannan ba ka hana ni ba.

Ina tsaye gaban murhu ina maimaita alkawarinka a raina, sai na lura da wani abu. Ƙarar da na ji ba keken ɗinki ba ce. Akwai ƙwal, ƙwal, ƙwal a cikinta, jelar sarƙa tana dukan jikin mota. Na ce a fili, ni kaɗai da kyanwa, “Orval Stroud, a raye ko a mace, ba zai hau tudun nan da sarƙa sako-sako ba.” Duk wanda ke kwanar nan mai rai ne, kuma sakarai ne.

Na ɗauki fitila da bargon kyanwa da bindigar Orval na fita. Ban san yadda na gangara ba, rabin hanya da mazaunai na yi ta. Na tarar da mota ta kifa hanci a rami, sarƙar hagu ta kuɓuce ta nannaɗe a gindin taya. Na haska ƙasa, sai ga ka, ƙafa a ƙarƙashin mota, hannu ba safa, gashin ido duk ƙanƙara. Ka buɗe ido ka dube ni, ka san abin da ka fara cewa?

“Goggo, kin yi alkawari.”

Na ce, “Rufe min baki. Ka tsaya ka sake matsewa?”

Ka ce, “Sauri nake.”

Na ce, “Ai ga shi ka iso.”

Na lulluɓe ka, na harba bindiga sama sau uku yadda muke kiran juna a nan, kafaɗata har yau ba ta yafe min ba. Na zauna na sa hannuwanka a hammatata ina zaginka don kada ka yi barci, har fitilun motar Purdy suka bayyana.

Na saɓa maka magana, karo na farko a rayuwata, kuma ba zan ba da haƙuri ba. Abin da ke hana ni barci shi ne, da ka ɗaura sarƙar nan daidai yadda na rubuta maka, sannan wani abu ya same ka a kwanar, da ina nan zaune riƙe da kujera har gari ya waye.

Ka rubuto, ko ka sa a rubuta.

Goggonka,
Verna.

San Pedro,
Fabrairu, 1975.

Zuwa ga Goggo Verna,

Ina gaishe ki da kyau. Loretta ce ke rubutu ina faɗa, ta ce in gaya miki ba fushi take ba, tsoro ne bai gama sakinta ba. Ƙafa tana ɗaure cikin simintin asibiti, za ta haɗe. Yatsu biyu na hannun hagu dai sun tafi, sanyi ya cinye su. Junie ta ce yanzu ni da ita duka muna da giɓi.

Laifina ne. A gindin hawa wani dattijo mai ɗaurin sarƙa ya gane buhun, ya ce, “Na Orval ne waɗannan, kawo in ɗaura maka.” Na ce na iya. Wayar ɗaure jelar ma ban ciro ta ba. Tun daga gada nake jin jelar tana duka, na ce saura kaɗan. Da motar ta faɗa rami na fita in warware sarƙar, ta zame ta danne ni.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, Loretta ma yanzu take ji, ga shi ta ɗago kai tana kallona. Ina kwance, na yi kira har murya ta ƙare, na tuna ni da bakina na ɗaure ki a kujera. Na sallama. Sai na ji mota tana hawowa daga gada. Goggo, keken ɗinki. Na san ta kamar yadda na san muryarki. Ta zo dab da bayan motata ta tsaya. Babu fitila, babu komai sai farin dusa. Na ji an buɗe ƙofa, na ji taku, na ji an durƙusa kusa da tayar, kusa da kaina. Sannan aka yi tsaki.

Tsakin nan ne, wanda yake min in na murɗe sarƙa. Likita ya ce sanyi yana sa mutum ya ji abubuwa, ban musa masa ba. Ni dai na san kunya ce ta kama ni a ramin nan, kunyar ce ta hana ni rufe ido. Bai tafi ba sai da hasken fitilarki ya ɓullo daga sama. A lokacin na ji an rufe ƙofa, sarƙar ta tashi. Ba baya ta koma ba, Goggo. Gaba ta yi, ta hau tudun, wajen gida. Dole ta gefenki ta wuce. Kin ji ta?

Na janye maganar amsa-kuwwa, na janye alkawarin, na janye zancen ɗaki. Ki zauna a gidanki. In bazara ta yi zan zo in gyara hanyar akurki, mu karɓo kajinki daga matar Purdy in ba ta cinye su ba.

Ɗanki,
Wendell.

Kan Tudu, Harlan,
Maris, 1975.

Ɗana,

Ina gaishe ku duka. Na daɗe ban amsa ba, ba ciwo ba ne, wasiƙarka ce na yi ta ɗauka ina ajiyewa.

Ban ji ta ba. Ina gangarowa ba abin da ke kunnena sai numfashina da sunan Allah. In ya wuce ta gefena, ban ko waiga ba.

Amma ga abin da ban rubuta maka ba. Na fita ranar na bar buta a tsakiyar wuta, na tabbata, don a asibiti na tuna na ce ta ƙone kamar waccan. Da Purdy ya dawo da ni washegari, na tarar da ita a gefen murhu, inda ba zafi, da ruwanta a ciki, hannunta yana kallon bango yadda mutum ɗaya ne kawai yake ajiye ta. Na tambayi Purdy, ya ce shi bai shiga ba. Ƙila ni na sauke na manta. Na tsufa.

Tun ranar dusa ta sauko ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Nakan kashe rediyo in zauna. Babu komai, Wendell, gada shiru, kwana shiru. Damuna da rani ina tsare da ƙofar nan, ya tashi ƙarasowa ranar da ba na gida. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba, na yi fushi da shi ma, don ko a raye haka yake, bai taɓa sanin lokacin da ya dace ba. Amma ban yi da-na-sani ba. Da na zauna, da na buɗe wa mamaci ƙofa na bar ɗana a rami, kuma da tsakin da zai min ya fi naka.

Kada ka wahalar da ƙafarka a kan hanyar akurki. Ka tambayi Loretta ko ɗakin nan mai kallon teku yana nan, kuma ko za ta haƙura da kyanwa. Gidan ya yi min girma, ba wanda nake jira a cikinsa.

Ka zo in hanya ta bushe. Sarƙoƙin suna wurina, Purdy ya ciro su daga ramin, ya gyara ƙugiyar da ta buɗe. Kafin mu sa kaya a mota za ka durƙusa a tsakar gida ka ɗaura su da yatsun da suka rage maka, ina tsaye a kanka, ka tuƙa zuwa kwana, ka tsaya, ka sake matsewa, sannan ka juyo ka hawo. Ina so in ji ta ƙaraso ƙofar nan sau ɗaya ina ciki.

Goggonka,
Verna.